Jawabin Magatakarda: Ga Kwal a Gida, Wuta daga Maƙwabta

Shugaba, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, ƴan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da baƙinmu da suka taso daga Katsina, Jibiya da Illela, barkanmu da zagayowar wannan rana.

An ce in yi magana a kan wuta, don ita ce ta fi cika littafin koke-kokenmu. Kowa a nan ya san yadda buhu ke ƙetare iyaka, amma sai a watan Agusta na 2023 wasunmu suka gane ashe lantarki ma haja ce mai shigowa. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. Da takunkumi ya hau aka yanke ta, ni na riƙa rubuta sunayen masu asara: mai ƙanƙara, mai injin niƙa, tela. Wata Hajiya tana nan zaune, kifin firji biyu ta zubar rana guda. Sai a watan Maris na 2024 wutar ta dawo.

Tun lokacin ake tare ni da tambaya: shin ba mu da kwal ne? Muna da shi. A Anu Araren, jihar Agadas, kamfanin Sonichar na ƙona shi yana samar da wuta tun 1981. Sai dai ƙarfin tashar bai kai megawat 40 ba, kuma don mahaƙar yuraniyom ta Arlit da garuruwan arewa aka gina ta, wayarta ba ta iso nan ba. Akwai kuma Salkadamna a jihar Tawa, inda aka aza harsashi a 2014 da burin megawat 600. Ban yi aure ba a lokacin. Yau ɗana yana makaranta, ba mu ga haskenta ba.

Babban cikas kuɗi ne. Da bashi ake gina irin wannan tasha, masu ba da bashin kuwa sun ja da baya saboda hayaƙin kwal na ƙara ɗumamar duniya. Ko ƙasar Sin, da ake sa wa rai, ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. Abin da ciwo, gaskiya, wanda ya ƙoshi da kwal shi ke ce wa mai yunwa ya haƙura. Amma sauyin yanayin ma ba tatsuniya ba ce, mun ga ambaliyar 2024 a Maraɗi.

Ni dai in Salkadamna ta tashi ba zan ƙi ba, domin masana'anta na son wutar da ba ta kwanciya da faɗuwar rana. Amma ba zan ce wa kowa ya jingina jarinsa da ita ba. Tashar hasken rana ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, tuni ta fara aiki, kuma farantan sola mu da kanmu muke ɗauko su daga Kano. Inda ake cutuwa wurin batir ne: jabu ya yi yawa, wata shida ya mutu, mai saye ya daina yarda da kai.

Don haka kwamiti ya kawo shawara biyu: mu buɗe adashen firjin sola ga masu kifi da ƙanƙara, mu kuma tattara sunayen dillalan batir da aka gwada kayansu. Mai son shiga ya same ni bayan sallar La'asar, littafi na hannuna.