IGIYA KAFIN DAGI

Duk wanda ya samu zarafi ya karanta Maimaitawar Shari'a 19:14 da Karin Magana 23:10 tare da iyalinsa, gama a kansu tunaninmu na yau ya dogara.

A lokacin bazara kowa yana gyaran gona. Masu masara da auduga suna sassabe, masu lambu suna duba inda awaki suka ɓarka, matan gida kuma suna cewa dangar bayan gida ta kwanta. Saboda haka yau za mu yi magana a kan aikin da muke rainawa, wato awo da kafa itatuwan shinge.

Wata shekara aka kira mu sulhu a wani ƙauye da ke kusa da Malumfashi. Wani ɗan'uwa, mai himma ƙwarai a ikkilisiya, ya kewaye gonarsa da waya mai ƙaya. Maƙwabciyarsa gwauruwa ce mai 'ya'ya huɗu. Ta zo tana kuka, ta ce shingen ya cinye mata kunya uku. Shi kuwa ya rantse bai yi niyyar cin ko tafin hannu ba, mu ma mun gaskata shi. Da muka je gonar, dattawa suka nuna mana tsohuwar iyaka: tsamiya a gabas, gindin gamba a yamma. Muka ja igiya daga wannan zuwa wancan. Nan take kowa ya gani da idonsa. Shingen ya tashi daidai daga tsamiya, amma kafin ya kai tsakiya ya yi ciki kamar baka, har taki biyu cikin gonar marayu.

Me ya faru? Ɗan'uwan nan bai ja igiya ba. Ya kafa itace na fari, ya duba shi ya kafa na biyu, ya duba na biyu ya kafa na uku. Da ya tarar da suri a hanya sai ya kauce kaɗan, kaucewar kuwa ba ta yi wajen gonarsa ba. Kowane itace ya yi daidai da na kusa da shi, amma layin gaba ɗaya ya karkace.

To, yaya ake yi? Bari mu bi shi daki-daki.

Da fari, kusurwa. Kada mu haƙa rami ko ɗaya sai mun kira maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi, tare da mai unguwa ko dattawan da suka san gonar. A tsaya gaba ɗaya a yarda da kusurwoyin, a buga turke a kowace. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da takardar riƙon gona a karkara, amma yawancin gonakin gādo ba su da takarda. Shaidarsu ita ce itatuwa, da gamba, da bakin dattawa. Idan dattawan suka shuɗe, shingen da muka kafa shi zai zama shaida. In mun kafa shi a karkace, mun bar wa jikoki ƙarya da rigima.

Na biyu, igiya. A ɗaure ta a turken wannan kusurwa, a ja ta da ƙarfi zuwa na waccan. Idan nisan ya yi yawa har igiya tana saki, mutum ɗaya ya tsaya a bayan turken farko yana hange, wani ya kafa sanda a tsakiya, a yi ta gyarawa har sandar ta rufe turken ƙarshe. Mai son kusurwarsa ta tsaya daidai kamar ta ɗaki, ya yi dabarar magina: ya auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen, in tsakanin alamun biyu ya ba da mita 5, kusurwa ta yi.

Na uku, tazara. Kada mu dogara ga taki, gama takin safe dabam yake da takin azahar, na Audu kuma dabam da na Bitrus. A yanka sanda guda ta zama ma'auni, ko a sa tef. Ga waya mai ƙaya, mita 2 da rabi zuwa mita 3 ya isa. Danga ta kara da zana suna bukatar itatuwa kusa-kusa, kamar taki ɗaya ko ɗaya da rabi, domin iskar farkon damina tana dukansu kamar bango. A auna tsawon gefen duka tukuna, sa'an nan a raba shi daidai, don kada a ƙare da ɗan guntun gurbi a ƙarshe. Gona mai mita 100 a kowane gefe, wato hekta ɗaya, kewayenta mita 400 ne. In tazara mita 2 da rabi ce, itatuwa 160 za a nema. Amma a lura: layi guda mai mita 30 da tazarar mita 3 yana da gurbi 10, itatuwa kuwa 11, gama akwai na fari. Mutane da yawa sun koma daji neman itace ɗaya saboda wannan lissafi.

Kada kuma mu ce ɗan kuskure ba kome ba ne. Idan ma'auninmu ya gaza da santimita 10 kawai, faɗin tafin hannu ke nan, kafin a kai gurbi 40 an yi asarar mita 4. Abin da ido bai gani ba a gurbi ɗaya, kowa zai gan shi a ƙarshen layi.

Na huɗu, dagi. Sai bayan an sa alama a kowane gurbi a bin igiya za a fara haƙa. Kashi ɗaya cikin uku na itace ya shiga ƙasa, a daddage shi sosai. Na kusurwa da na bakin ƙofa su fi kauri, su fi zurfi, a tokare su, gama su ne ke ɗauke da jan waya. Kirya da azarar giginya suna jure wa gara. Kakanninmu kuma sun fi mu dabara: sukan kafa rassan dashi, ko aduruku, ko bini-da-zugu dab da saukar ruwa, su yi saiwa su tofu. Shinge mai rai yakan daɗe ƙwarai, don haka in an dasa shi a wurin da ba nasa ba, kuskuren ma ya yi saiwa.

Abu ɗaya kuma. Inda gona ta yi iyaka da burtali, kada mu matsa ciki. Hanyar shanu ce tun kafin a haife mu. Wanda ya toshe ta da itace biyu yau, gobe garke zai bi ta cikin masararsa ko ta ɗan'uwansa, kuma mun san inda irin wannan faɗa yake kaiwa a ƙasarmu.

Ya ku ƙaunatattu, Allah bai ɗauki zancen iyaka ƙaramin abu ba. Cikin Shari'ar Musa ya hana a gusar da alamar iyakar maƙwabci, a Karin Magana kuma ya yi kashedi musamman a kan gonar marayu, gama shi ne mai tsaya musu. Bai ce sai wanda ya yi da gangan kaɗai ba. Kunya uku da aka ci bisa kuskure, hatsinsu bai shiga rumbun marayu ba.

Haka yake da zamanmu. Sau da yawa muna auna kanmu da na kusa da mu. Mai awo a kasuwa ya ce mudunsa bai fi na maƙwabcinsa ƙanƙanta ba. Saurayi ya ce abokansa ma haka suke yi. Kowa ya yi daidai da itacen da ke gefensa, alhali layin ya bar iyaka tuntuni. Manzo Bulus ya tsawata wa masu irin wannan awo a 2 Korantiyawa 10:12. Muna da kusurwa wadda ba ta gusawa, wato Yesu Almasihu, muna kuma da igiya, wato Maganarsa. Daga can za mu riƙa ɗauko awo kowace safiya.

Ɗan'uwan nan da muka ambata, da ya ga igiya bai yi gardama ba. Ya tuɓe rigarsa, ya kira 'ya'yansa, suka tumɓuke itatuwa fiye da ashirin a ranar. Da kaka ya aika wa gwauruwar da damin dawa biyu. Aikin ya yi masa wuya, ya kuma ji kunya a gaban mutane, amma ran Lahadi suka ci Jibin Ubangiji tare ba mai kau da kai.

Saboda haka kafin ruwa ya sauka, bari kowannenmu ya ɗauki igiya ya zaga gonarsa. In mun tarar da itacenmu a ƙasar wani, mu cire shi da hannunmu tun ba a kira dagaci ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, ƙasa taka ce, mu baƙi ne a cikinta. Ka ba mu zuciya mai gamsuwa da rabonmu. Ka nuna mana inda muka karkace, ka ba mu ƙarfin halin gyarawa. Ka sa albarka a gonakinmu da na maƙwabtanmu, ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.