Garin da Ake Shuka Ruwa: Kwana Huɗu a Capileira

Yau Sifaniya za mu je, amma kada wani ya gyara zama yana jiran hirar ƙwallo, babu Madrid babu Basalona a shirin nan. Wani ɗan ƙauye ne za mu leƙa, can saman duwatsun kudancin ƙasar, wanda mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Sunansa Capileira.

Yadda aka yi na je shi ne, na sauka birnin Giranada kamar kowa don in ga Alhambra, fadar sarakunan Musulunci na ƙarshe a Andalus. Na gani, kuma ta cancanci a gani. Sai dai ka san yadda irin wuraren nan suke, layi, tikiti mai lokaci, ɗan bayanka na jira ka matsa ya ɗauki hoto. Da na fito sai abokin tafiyata, wanda ya daɗe a ƙasar kuma yana jin yarensu, ya ce mini, "Malam, ka ga inda sarakuna suka zauna. Gobe mu je ka ga abin da talakawansu suka bari, har yau ana amfani da shi." Ban gane nufinsa ba a lokacin.

Motar haya daga Giranada takan ci awa biyu da wani abu. Za ka bi ta Lanjarón, garin da ruwan gorarsa ya yi suna a ƙasar, sai Órgiva, daga nan kuma sai hawa. Shawara ta farko, kada ka cika ciki kafin ka shiga motar nan. Kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, direba kuwa ko a jikinsa. Yankin ana rubuta shi Alpujarra, amma a bakinsu kamar "Alpukharra" za ka ji. Yana gangaren kudu na duwatsun Sierra Nevada.

Ƙauyuka uku ne a jere cikin kwazazzabon kogin Poqueira, ɗaya saman ɗaya kamar an ɗora kwanuka. Pampaneira a ƙasa, Bubión a tsakiya, Capileira a can sama, mita 1,400 da 'yan kai daga matakin teku. Duk farare tas, don farar ƙasa suke shafa wa bango. Abin da ya fara tsayar da ni rufin gidajen ne. A Turai, a wurin da dusar ƙanƙara ke zuba, ai rufi mai tsini mutum zai yi tsammani. Nan kuwa shimfiɗaɗɗe ne, wallahi kamar soro. Suna jera itace a matsayin azara, su ɗora falalen duwatsu, sannan su daɓe da wata laka mai launin toka da suke kira launa, wadda ba ta barin ruwa ya ratsa. Duk wanda ya taɓa ganin magini a Zariya ko cikin birnin Kano yana gyaran rufi kafin damina zai gane aikin nan take. Har indararo akwai. Lunguna kuma matsattsu ne, wasu an rufe samansu an yi ɗaki a kai, sai ka bi ta ƙarƙashi, su suna ce musu tinao.

Bari in ɗan ba ku tarihi, a taƙaice, don in babu shi sauran labarin ba zai zauna ba. A 1492 Giranada ta faɗa hannun Sarki Fernando da Sarauniya Isabel. Sarkinta na ƙarshe, Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, a nan Alpujarra aka ba shi wurin zama, bai daɗe ba ya tsallaka Maroko. Talakawa suka zauna a ƙauyukansu suna noma da kiwon tsutsar siliki. Daga baya aka tilasta musu shiga Kiristanci, aka hana su Larabci da suturarsu, har a 1568 suka yi bore ƙarƙashin Aben Humeya. Yaƙin ya kai 1571, aka murƙushe su, aka kwashe su aka warwatsa cikin ƙasar, aka kawo wasu mutane daga wasu yankuna aka zuba a gidajensu. Dutse mafi tsawo a wurin, Mulhacén, mai kusan mita 3,480, har yau sunan mahaifin Boabdil yake ɗauke da shi, wato Mulay Hasan.

To, rana ta biyu ita ce ta keke, kuma a nan na sha kunya. Mai ba da hayar ya nuna mini iri biyu, mai batir da marar batir. Na ce ni da na yi shekaru ina taka keke zuwa makaranta, wane batir? Ya dube ni, ya dubi dutsen, bai ce komai ba, ya miƙo mini hular kwano.

Daga Capileira hanya na ci gaba da hawa, kwalta ta ƙare bayan 'yan kilomitoci, sai burji, har zuwa wani wuri da ake kira Hoya del Portillo, sama da mita 2,100, inda aka sa shinge motocin gida ba sa wucewa saboda an shiga gandun da gwamnati ke karewa. Kilomita goma sha wani abu ne kawai. A filin ƙasarmu wannan ai kafin shayi ya huce ka isa. Amma hawa ne babu sassauci, kuma iskar wurin ba ta ƙoshi, kana ja kamar ba ka ja ba. Tun kafin rabi na sauka na fara tura keken kamar mai tallar itace. Wata dattijuwa da furfura fal kanta ta zo ta wuce ni a kan mai batir, ta ɗaga mini hannu tana murmushi. Ruwan gorata ya ƙare da sauran tafiya. Da ƙyar na isa, na zube cikin inuwar itatuwa. Daga can sama kuwa ka juya kudu, ga Bahar Rum yana ƙyalli, kuma an ce mini ranar da sama ta washe sosai har duwatsun Maroko ana hangowa. Na kuma ga awakin dutse uku, masu lanƙwasassun ƙahoni, suna kallona kamar su ne suka ba ni hayar wurin.

Saukowa ta fi ba ni tsoro. Gumi ya bushe a jikina, iska mai sanyi tana duka, yatsuna suka sandare a kan birki. A watan Mayu fa ke nan. Saboda haka wanda zai je, ya ɗauki rigar sanyi ko da rana na ƙwallewa a ƙasa, ya ɗauki gora biyu, ya kuma ajiye girman kai ya karɓi mai batir.

Rana ta uku ƙafafuna sun yi tsami, sai muka ce tafiyar ƙasa za mu yi a hankali. Akwai zagaye daga Capileira zuwa La Cebadilla a dawo ta ɗaya gefen kogin, awa uku zuwa huɗu in ba ka sauri. La Cebadilla ɗan gari ne da aka gina wa ma'aikatan tashar lantarki ta ruwa, yanzu kango ne, gidaje a jere babu kowa, har da ɗan cocinsu. A hanya za ka yi ta wuce gonaki hawa-hawa da aka tokare da duwatsu, wasu ana nomawa, da yawa ciyawa ta cinye. Ga tsofaffin gidajen gona rufi ya rufta. Ga masussuka, zagayayyu, an shimfiɗe su da dutse a bakin gangare inda iska ke kaɗawa don sheƙe hatsi. A kan ɗaya daga cikinsu na yi azahar, bayan na yi alwala da ruwan da sai da haƙorana suka amsa.

Ruwan nan shi ne labarin. Duk inda ka bi a dutsen kana jin ƙararsa, ba daga kogi ba, daga wata 'yar magudana da ke bin gefen hanya, faɗinta bai wuce taku ɗaya ba. Sunanta acequia, kuma masu Larabci sun riga sun ji kalmar, as-saƙiya ce. Tafkin da suke tara ruwa alberca, wato al-birka. Mutanen sun tafi fiye da shekara ɗari huɗu, sunayen suna nan, ruwan ma yana bin layin da suka haƙa masa.

Muna cikin bin magudanar muka tarar da wani dattijo da fartanya yana fitar da ganye da tsakuwa. Muka gaishe shi, abokina yana fassara. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Gonarka ce a nan?" Ya ce a'a, gonarsa na can ƙasa, amma in nan ya toshe can ba za ta sha ba. Ya ce duk shekara idan ƙanƙara ta fara narkewa, masu gonaki kan fito gayya su share magudana tun daga sama, kuma kowa da ranarsa da awanninsa na ban ruwa, ba ka buɗe wa gonarka a lokacin wani. Wannan duk na gane, wanda ya san fadama ya san rigimar layin ruwa.

Abin da ban taɓa ji ba shi ne na gaba. Ya nuna sama da fartanyar ya ce akwai wasu magudanan can ƙololuwa da ba gona suke kai ruwa ba. Tare ruwan ƙanƙara suke yi, su ja shi gefe a kan gangaren, su kai shi wasu wurare da aka sani tun kaka da kakanni, su sake shi ya nutse cikin ƙasa. Na ce, "Baba, ai asara ke nan." Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. Ya ce in an bar shi ya bi kogi, cikin kwanaki kaɗan yana teku. In kuwa ya shiga cikin dutse, a hankali zai riƙa tsiyaya, sai bayan makonni ko watanni ya ɓullo a idon ruwan da ke ƙasa, daidai lokacin da zafi ya tsananta babu ko ɗigon ruwan sama. Irin waɗannan su ake kira acequias de careo, aikin kuma suna ce masa shuka ruwa. Ka shuka a bazara, ka girba a tsakiyar rani.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Babu siminti, babu injin, babu madatsa. Dutsen kansa aka mayar randa. Kuma wani ne, shekaru aru-aru da suka wuce, ya zauna ya lura cewa in ka zuba ruwa a nan, a can zai fito. Mutanen wurin suna ba da labarin cewa ko lokacin da aka kori Musulmi, sai da aka bar gida ɗaya ko biyu a kowane ƙauye don su nuna wa baƙi yadda ake sarrafa ruwan. Ni dai a ganina, da za a ce in zaɓa tsakanin zanen bangon Alhambra da wannan, wannan zan ɗauka, duk da na san wasu za su ce na yi sabo.

Na tambaye shi 'ya'yansa fa? Ya ce ɗaya na Giranada, ɗaya na Basalona, sai hutu suke zuwa. Ya ce da, in aka kira gayya hanya cika take yi, yanzu kuwa ana iya ƙirga su da yatsu, kuma duk sa'o'insa ne. Magudanar da aka bari shekara biyu uku ba a share ba, ƙasa ke cike ta, itatuwan da ke gefenta su bushe, idon ruwan da take ciyarwa ya ja baya. Ga ƙanƙarar ma, in ji shi, ba ta kai ta lokacin ƙuruciyarsa ba, kuma da wuri take narkewa. Abin da ya ɗan sanyaya masa rai shi ne, masu bincike daga Jami'ar Giranada da 'yan sa-kai sukan zo yankin su taya tono tsofaffin magudanan da aka watsar. Amma ya ce ɗan sa-kai kwana biyu yake yi ya tafi, magudana kuwa kullum take son ido.

Mu masu yawon buɗe ido, gaskiya, kuɗinmu ne ke riƙe da ƙauyukan yanzu, masauki da gidajen abinci da shagunan dardumar saƙa da suke kira jarapa. Amma korayen itatuwan da muke zuwa ɗauka a hoto, fartanyar irin su Baba ce ke riƙe da su. Don haka in ka je, kada ka taka bakin magudana ya zube, kada ka ɗaga dutse ko allon da ka gani an tare ruwa da shi, layin wani ne. Kada kuma ka sha daga cikinta, dabbobi na kiwo a sama. Famfunan cikin gari suna nan birjik.

Maganar abinci, 'yan'uwa Musulmi a kula sosai. Yankin nan da naman alade ya yi suna, musamman Trevélez da ke kusa, inda ake busar da cinyoyinsa a iskar dutse. Abincin da suka fi alfahari da shi, plato alpujarreño, dankali ne da ƙwai da alade kala-kala. A Giranada da kewaye kuma in ka sayi abin sha sukan haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, sau da yawa da shi a ciki. Ka haddace "sin cerdo" da "sin jamón", wato ban da alade, ka faɗi duka biyun, don wasu in ka ce alade ba sa lissafa busasshen. Ni dankali da barkono da ƙwai na yi ta ci, da cukun awaki, da zuma, da burodi. Kuma shaguna da yawa suna rufewa bayan azahar sai yamma, abincin dare ba ya samuwa da wuri, sai wajen ƙarfe takwas ko fiye.

Safiyar da za mu tafi, na je famfon da ke kusa da cocin garin in cika gora kafin mota ta zo. Sai ga Baba zai wuce da fartanyarsa a kafaɗa. Ya nuna gorar, ya nuna saman dutsen, ya faɗi wata magana. Abokina ya ce cewa ya yi in dawo a watan Agusta in sha wanda suke shukawa yanzu.

Masu noman rani da ke saurarenmu, daga Kadawa zuwa bakin Komadugu, ku rubuto mana yadda ake rabon ruwa a wajenku da wanda ke yanke hukunci in an samu saɓani, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mun haɗu, a huta lafiya.