Masaukin Zuriyar Howe: Shekara 145 a Hannun Gida Ɗaya



An nemi mu yi magana a kan sana'ar gado, sai muka ga ya dace mu ɗauko labarin gida ɗaya tak mu bi shi daga tushe. Gidan nan yana can ƙasar Amurka, a wani ƙaramin gari da ake kira Sudbury a jihar Massachusetts, kamar mil 20 yamma da birnin Boston. Masaukin baƙi ne, a yau sunansa Wayside Inn. Ba sai mun tsaya yi muku bayanin aikin mai masauki ba, domin a cikin zauren nan akwai waɗanda suka tashi suka tarar da iyayensu suna saukar da fatake.

A zamanin da Ingila take mulkin mallakar wannan yanki, akwai wata babbar hanya da ta haɗa Boston da New York, wadda masu kai wasiƙu suka fara bi a kan doki tun 1673. Tafiyar kwanaki ce, dole matafiyi ya yada zango. A bakin wannan hanya wani mutum mai suna David How ya gina ɗan gidansa, ɗaki biyu kacal. A 1716 ya sami lasisin hukuma na saukar da baƙi. Abin da yake sayarwa shi ne abinci, da wurin kwana, da harawar doki, sai kuma abin sha har da giya, domin al'adarsu ke nan. Masu sauka kuwa manoma ne, da masu kekunan kaya, da masu kora dabbobi zuwa kasuwannin Boston.

David ya riƙe gidan shekara 30. A 1746 ɗansa Ezekiel ya karɓa, shi kuma ya yi shekara 50 cur. A hannunsa gidan ya bunƙasa. Ya ƙara ɗakuna, ya rataya allo mai hoton jan doki a ƙofa, har aka riƙa kiran wurin da sunan Jan Doki. To, a wancan lokaci babu rediyo, jarida ma ba kowa ke samu ba. Duk labarin da ya taso daga Boston, a masauki ake fara jin sa. Nan ake taruwa a yi muhawara a kan harajin da Sarkin Ingila ya ɗora musu. Saboda haka mai masauki ba ƙaramin mutum ba ne a gari. Shi Ezekiel har muƙamin Laftanar Kanar ya riƙe a rundunar sa-kai, kuma ranar 19 ga Afrilu 1775 yana cikin waɗanda suka ja mutanen Sudbury zuwa Concord, inda aka gwabza da sojojin Ingila a ranar farko ta yaƙin neman 'yancin Amurka. Ku duba fa, gidan da ya buɗe da lasisin 'yan mulkin mallaka, ga mai shi ya ɗauki bindiga a kansu.

Bayan rasuwarsa a 1796 sai ɗansa Adam ya gaje shi, ya riƙe har 1830. Zamaninsa na kwanciyar hankali ne, kekunan doki masu ɗaukar fasinja suna ta kai da kawowa, ciniki na tafiya. A wajen wannan lokaci ne sunan gidan ya zauna a rubuce da Howe.

Yanzu ga inda muke so a kasa kunne. Lyman Howe, ɗan Adam, ya karɓi gidan a 1830. Shekara biyar bayan haka, a 1835, aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Boston zuwa Worcester, kuma ba ta bi ta ƙofarsa ba. Tafiyar da a da take cin yini guda a keken doki, ta koma ta 'yan sa'o'i. Wane ne zai kwana a hanya alhali zai iya kwana a gidansa? Ba wai abincin gidan ya lalace ba, ba kuma an ce Lyman ya wulaƙanta baƙo ba. Hanyar ce ta ƙaura ta bar shi. Mutane sukan ɗora wa magajin ƙarshe laifin mutuwar sana'a, amma mu a ganinmu ko Ezekiel ne ya dawo, ba zai iya ja da jirgin ƙasa ba.

Sai dai akwai abu na biyu, wanda shi na cikin gida ne. Lyman bai taɓa aure ba. 'Yar'uwarsa Jerusha, wadda suke zaune tare, ita ma ba ta yi aure ba, ta rasu a 1842. Da Lyman ya cika a 1861, babu ɗa babu jika da ya koyi aikin. Aka yi gwanjon kayan ɗaki, ginin ya faɗa hannun dangi, su kuma suka zuba 'yan haya. Daga 1716 zuwa 1861, shekara 145 ke nan, uba da ɗa da jika da tattaɓa-kunne, sannan aka rufe ƙofa.

Abin mamaki, bayan an rufe ne sunan gidan ya zaga duniya. A 1862 wani shahararren mawaƙi, Henry Wadsworth Longfellow, ya ziyarci wurin, a 1863 kuma ya fitar da littafin waƙoƙi mai suna Tales of a Wayside Inn, inda ya nuna wasu abokai suna zaune a gindin murhun masaukin kowa na ba da labari. Littafin ya samu karɓuwa ƙwarai, jama'a suka riƙa zuwa kallon gidan da babu mai sauke su. Ganin haka, a 1897 wani ɗan kasuwa, Edward Lemon, ya sake buɗe shi da sunan da ke jikin littafin. Ke nan baƙin da suke zuwa yanzu ba matafiya ba ne, 'yan yawon buɗe ido ne.

A 1923 Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford, ya saye shi daga matar marigayi Lemon. Ya sayi filayen kewaye, ya gina injin niƙa mai aiki da ruwa. Da ya ga girgizar manyan motoci za ta illata tsohon ginin, sai ya biya da kuɗinsa aka karkatar da babbar hanyar nesa da ƙofar. Allah mai iko! Gidan da rashin hanya ya kashe, ga shi ana biyan kuɗi don a nisanta shi da hanya, kuma mai ƙera motoci ne ya biya.

Kafin Ford ya rasu, a 1944 ya mayar da wurin hannun kwamitin amintattu, ba na cin riba ba, yadda babu magajin da zai iya sayar da shi. Gobara ta cinye babban sashensa a Disamba 1955, Gidauniyar Ford ta ba da kuɗin gyara, aka sake buɗewa a 1958. A 2016 aka yi bikin cikarsa shekara 300, ana dafa abinci ana saukar da baƙi a cikinsa, hotunan tarihin zuriyar Howe da sunayensu suna nan, amma masu riƙe da makulli ba jininsu ba ne.