Furen Lalle, Furen Bango

Yau hirar tamu a kan bango take. E, bangon nan da kike jingine da shi kina tsince shinkafa.

Duk wadda aka taɓa ɗauka a mota daga Unguwar Gano aka bi da ita ta Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ko da hanyar asibiti ce, ta ga katangun makarantun yara da aka yi wa zane da fenti. Sana'ar wasu ce, da ita suke cin abinci. Amma ki lura, sau da yawa tuffa ce a jiki, wadda ba a nomanta a Kano. To ina ɗorawa? Ina kurna? Ina giginya? Alhali unguwanninmu sunan itatuwan nan suka ci: Ɗorayi, Kurna, Giginyu, Durumin Iya, har da Kasuwar Rimi. Ki tambayi ɗanki yau yadda ganyen kurna yake, ki ji abin da zai ce miki. Gidaje sun cinye gonaki, an sare itatuwa, sunan kawai ya rage.

Adon bango kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wato 1463 zuwa 1499, da Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, duk shaida ne kan gwanintar maginanmu. A Zariya ma Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau ana zuwa kallon aikinsa. Maza ke yin adon ƙofar gida, amma cikin ɗaki namu ne. Wa ke shafe da farar ƙasa idan salla ta gabato? Wa ke daɓe da makuba, wadda daga kwasfar ɗorawa ake samunta? Wa ke jeren kwanuka? Kakanninmu mata ne.

Wata za ta ce, shin zane ba haramun ba ne? Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne surar mai rai. A cikin Bukhari da Muslim an kawo cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, sai ya nuna masa ya riƙa zana bishiya da abin da ba shi da rai. Kin ga ke nan fure da ganye ƙofarsu a buɗe take.

Saboda haka, 'yar'uwa, idan kika kama 'yarki da gawayi tana zana fure a bangon tsakar gida, kada ki fara da bulala. Hannun da ke zana fure a bango shi ne gobe zai zana lallen amarya, ya fitar da zanen hula da na zanin gado, a biya shi, ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Ki nemi izinin maigida a ware mata gefe guda. Ki jiƙa farar ƙasa da jar ƙasa, ki zuba ɗan ƙaro don ya kama. Ki aiki yaro ya samo ganyen zogale ko na darbejiya, ta aje a gabanta, ta ƙirga 'yan ganyen, ta kwaikwaya. Ke kuma ki gaya mata sunansa da amfaninsa, kamar yadda kakarki ta gaya miki. Idan damina ta wanke, a sake wani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.