SHIRU BA AMSA BA NE: TAMBAYAR KUNDIN SUNAYE DAGA MANHAJAR TSARA NA'URORI



An nemi in yi magana a kan yadda manhajar da ke tsara na'urorin kwamfuta take tambayar kundin sunaye, da abin da ke biyo bayan amsar da ta samu. Mai yiwuwa wani ya ga batun ƙarami ne, to amma ɗalibin da ya wayi gari ranar miƙa aikinsa na ƙarshe ya tarar na'ura ta ce ba ta san shi ba, shi ya san girmansa.

Da farko bari mu san waɗanda muke magana a kansu. Kundin sunaye wata ma'ajiya ce inda jami'a ko kamfani ke rubuta mutanensa: sunan kowa, da sashensa, da rukunin da yake ciki, da abin da aka yarje masa. An shirya shi tamkar bishiya, jami'a ce gindi, tsangayoyi su ne rassa, mutane kuma ganye. Tsarin ya samo asali daga ƙa'idar X.500 ta shekarar 1988, wadda ta yi wa ƙananan na'urori nauyi. Saboda haka a 1993 Tim Howes na Jami'ar Mishigan ta Amurka, tare da Steve Kille da Wengyik Yeong, suka fito da hanya mai sauƙi wadda ake kira LDAP. Siga ta uku ta fito a 1997, kuma da ita OpenLDAP, wanda aka fara a 1998, da Active Directory na kamfanin Microsoft suke amsa tambaya.

Ita kuwa manhajar tsara na'urori wakiliya ce. Maimakon ma'aikaci ya bi kwamfuta ɗari ɗaya bayan ɗaya yana gyara, sai ya rubuta yadda yake so kowace ta kasance, manhajar ta je ta aiwatar. Mark Burgess ya buɗe wannan fage da CFEngine a Jami'ar Oslo a 1993, Luke Kanies ya biyo da Puppet a 2005, sannan Michael DeHaan ya kawo Ansible a 2012.

To, me ya haɗa su? Amfanin a fili yake. Idan an rubuta sunayen ɗalibai a kundi, aka sake rubuta su a cikin manhaja, ba da daɗewa ba jerin biyu za su saɓa, domin za a gyara ɗaya a manta da ɗayan. Gara manhajar ta riƙa tambayar kundin kai tsaye. Tana fara gabatar da kanta da suna da kalmar sirri, sannan ta faɗi abu huɗu: reshen da za a fara nema, zurfin da za a shiga, rariyar da za a tace mutane da ita, da bayanan da take so a ba ta. Misali, ta ce: a reshen tsangayar kimiyya, har ƙarƙashinsa duka, a ba ni sunan shiga na kowane ɗalibin lissafi. Da wannan jeri take buɗe asusu a na'urorin ɗakin gwaji.

Jama'a, a nan ne nake so ku tattara hankalinku. Manhaja ba ta da shakka. Abin da aka gaya mata shi ne gaskiya a wurinta, kuma za ta aiwatar da shi a kan kowace na'ura ba tare da waiwaye ba. A cikin Puppet akwai umurnin da ke cewa a share duk asusun da ba ya cikin jerin da aka tsara. Umurni ne mai kyau, domin shi ke rufe ƙofa ga wanda ya bar makaranta. Amma idan jerin ya zo a gutsure, wannan umurnin da kansa zai kori waɗanda ba su yi laifin komai ba.

Jeri kuwa yana gutsurewa ta hanya uku. Ta farko ita ce iyakar adadi. OpenLDAP, in ba a sauya masa tsari ba, ba ya ba da fiye da mutum 500 a tambaya guda, Active Directory kuma yana tsayawa a 1,000. Ku ɗauka tsangaya tana da ɗalibai 1,200. Kundin zai miƙo 500, ya haɗa da lamba 4, wadda ma'anarta ita ce an kai iyaka, akwai saura. Idan wanda ya rubuta tambayar ya karɓi sunayen bai dubi lambar ba, mutum 700 sun zama baƙi a makarantarsu.

Ta biyu ita ce mutuwar hanya: wuta ta ɗauke, ko waya ta yanke, ko uwar garken kundin ta tsaya. Mai rubutu mai son zaman lafiya yakan ce, in an kasa samun kundin a ci gaba da jeri marar kowa, don kada aiki ya tsaya. Wannan tausayi ne mai kisa, domin ya mai da "ban ji ba" ya koma "babu kowa".

Ta uku ta fi su ɓoyuwa. Idan aka rage wa asusun manhajar izinin karatu, kundi irin OpenLDAP yakan tsallake abin da aka hana ta gani, ya dawo da lamba 0, wato an yi nasara, alhali hannunsa babu komai. Hausawa kan ce shiru ma magana ce. A tsakanin mutane haka ne, amma shirun kundi ba shaida ba ne cewa ɗalibai sun ƙare.

Mene ne magani? Na ɗaya, a duba lambar amsa kafin a dubi sunaye, kuma duk abin da ba cikakkiyar nasara ba ne ya tsai da aikin. Tsarin Puppet yana taimakawa a nan: uwar garke ce ke yin tambayar sa'ad da take harhaɗa wa kowace na'ura tsarinta, kuma in harhaɗawar ta gaza, na'urar takan koma ga tsarin ƙarshe da ta adana. Wato gazawa a fili tana barin kowa a inda yake, gazawar ɓoye ce ke yin ɓarna.

Na biyu, a nemi amsa shafi-shafi, bisa hanyar da aka tsara tun 1999, a kuma roƙi mai kula da kundin ya ɗaga wa asusun manhajar iyaka gwargwadon bukata. Na uku, a sa ma'aunin hankali: jerin da jiya yake da mutum dubu, yau ya zo da goma, kada a aiwatar da shi sai ɗan Adam ya duba. Kuma kulle asusu ya fi share shi, domin abin da aka kulle ana buɗe shi da safe.

Na huɗu, a tausaya wa kundin. Wakilin Puppet yakan tashi kowane minti 30, wato sau 48 a yini. Na'ura dubu, kowace da tambaya guda, tambaya 48,000 ke nan. Gara a tambaya sau ɗaya, a adana amsar na ɗan lokaci, kowa ya ɗiba daga nan. A wurare da yawa ma abin da ya fi shi ne manhajar ta girka SSSD a kan na'urorin Linux, su riƙa tambayar kundin da kansu lokacin da mutum ya zo shiga, ita kuma ta tsaya ga faɗin wane rukuni ne aka yarje wa wace na'ura.

Na biyar, amana. Asusun da manhajar ke shiga da shi ya zama na karatu kawai, a kan reshen da take bukata kawai. Kalmar sirrinsa kada a bar ta a fili cikin rubutun da kowa ke gani. Ansible yana da Vault domin wannan. Zancen da ke tsakaninta da kundin a lulluɓe shi, ko ta ƙofa 636, ko ta ƙofa 389 bayan an nemi lulluɓi. Sannan duk sunan da za a saka cikin rariya a tsabtace shi, domin alamar tauraro a wurin LDAP tana nufin kowa da kowa.

'Yan'uwana, da yawa daga cikinku gobe ku ne za ku riƙe na'urorin asibitoci da bankuna da makarantu. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai in ya iya rarrabe amsa cikakkiya da rabin amsa. Ku koya wa manhajarku ta tsaya idan ba ta tabbata ba, domin bayan kowane suna a cikin kundin nan akwai mutum da aikinsa.

 Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.