Gaba da Gabanta: Jawabi Kan Taimakon Ƙanne a Lissafi



Duk wanda ya koma gida hutu daga cikinmu, ƙanne sukan kewaye shi da littattafan aikin gida, domin a ganinsu ɗan jami'a ya gama sanin lissafi. Galibi sai mu karɓi biro mu rubuta musu amsa, a wuce wurin. To, a kan wannan al'ada nake so in yi magana yau.

Mu ɗauki misali: 2 + 3 × 4. Yaro zai bi daga hagu, ya ce biyu da uku biyar, biyar sau huɗu 20. Amsar kuwa 14 ce, domin masana lissafi sun yi ittifaƙi cewa ninkawa tana gaba da tarawa. Ga tsarin: a fara da abin da ke cikin baka biyu, sai lambar da aka ninka da kanta, sai ninkawa da rabawa, daga ƙarshe tarawa da ɗebewa. Gaba da gabanta ke nan.

A makarantunmu ana haddace wannan da kalmar BODMAS, amma akwai tarko a cikinta. Jerin haruffanta yakan sa yaro ya zaci tarawa ta girmi ɗebewa, alhali kuwa tsara suke, daga hagu zuwa dama ake binsu. Saboda haka 10 − 4 + 3 tara ne, ba uku ba. Haka ma rabawa da ninkawa.

Kada wani ya ce ai wannan wasan yara ne. A ce ma'aikaci ya yi tafiyar aiki, kuɗin mota naira 5,000, kuɗin kwana naira 10,000, kwana uku. A takarda 5,000 + 3 × 10,000 ne, wato naira 35,000. Idan akawu ya danna lambobin a jere cikin ƙaramar kalkuleta irin ta kanti, wadda ba ta san tsarin ba, naira 50,030,000 za ta nuna masa. Ko da ya ga amsar ta wuce hankali, in bai san ƙa'ida ba, yaya zai gane inda aka kauce?

Saboda haka, 'yan'uwa, idan ƙaninka ko ƙanwarki ta kawo aikin gida, a bar biron a hannunta. A tambaye ta, "Da wanne za ki fara, kuma don me?" A mayar mata da lissafin ciniki: ƙwai biyu a hannu, da kwano uku kowanne da ƙwai huɗu, nawa ke nan? Da kanta za ta ce 14. Ranar jarrabawa babu yaya a kusa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalam.