Jawabi a kan yankan filayen gidaje a Madawa, Buza da Keita



Maganar yau ta filayen gidaje ce, abin da ake ce ma lotisma. Mutane sun yi yawa. A ƙidayar 1977, ƴan Nijar miliyan 5 ne da ƴan kai. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17. Yaro ya girma, ya yi aure, yana son gidan kansa. Shi ya sa garuruwa irin Madawa, Buza da Keita suke ta cin gonakin da ke kewaye da su.

Yankan filaye ba aikin mutum guda ba ne. Masu awon ƙasa su ne ke zuwa su auna wuri, su zana taswira. A cikin taswira ana fitar da hanyoyi, da wurin lakwal, da likita, da kasuwa, da masallaci. Daga nan hukumar gari ta duba, ta amince. Sannan takardu su tafi ma'aikatar da ke kula da tsarin birane a Yamai. Sai an sa hannu can ne ake kafa duwatsun iyaka, a fara rabo.

Bayan zaɓen 2004, magajin gari da kansiloli ne suka riƙa zama su yanke wannan shawara. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi a madadinsu.

To, mai gona fa? Nan ne rigima take tashi. Gona ce ta gado, tun kaka da kakanni ana noma hatsi cikinta. Dokar 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce hukuma ba ta karɓe ƙasar mutum don amfanin jama'a sai ta fara biyan shi diyya ta adalci. A wajen lotisma, galibi wani kaso na filayen ake ba mai gona. Amma wa za a ba? Wanda aka san gonar tashi ce. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da gadon gona na gargajiya, kuma ta kafa kwamitocin ƙasa, wato Kofo. Akwai Kofo na ƙauye, da na gari, da na gunduma. Mai gona ya je da shaidu gaban mai gari, a rubuta mishi takarda tun masu awo ba su iso ba. In ƴan'uwa goma suka gaji gona, a sa sunayensu duka, har da mata. Sau da yawa wa yakan sa hannu shi kaɗai, ƙanne suna ci-rani Abijan, su dawo su tarar an yi gini.

Sai zancen ruwa. Ƙasar Adar ƙasar tudu ce da kwari. Wurin da yake busasshe da rani, shi ne korama da damina. Wanda ya gina gidan laka a kan hanyar ruwa, watan Agusta zai gaya mishi. Tsofaffin gari sun san inda ruwa ke bi, ya kamata a tambaye su kafin a zana taswira. Fadamar Tarka kuma, inda ake noman albasa, ba wurin gini ba ce. Haka burtalin dabbobi.

Mutanen Keita sun san wuyar ƙasa. Daga 1984, furojen Keita, da kuɗin Italiya, ya yi shekaru yana raya faƙo. Mata ne suka fi ɗaukar duwatsu a ka, ana biyan su da abinci. Gonar da aka samu da irin wannan gumi, in aka zuba mata siminti, ba ta sake ba da damin hatsi ko guda.

Mai sayen fili shi ma ya yi hattara. Akwai masu saida fili guda ga mutum biyu. Ya nemi takardar saye mai hatimin hukumar gari, mai lambar fili. Ya je da ƙafarshi ya ga duwatsun. Lotisma aiki ne mai daɗewa: fili yakan fito bana, famfo da lantarki sai bayan shekaru. Ya tambaya tukuna.

Wanda bai iya karatu ba tukun, kada ya dangwala yatsa a takardar gona sai malamin yaƙi da jahilci ya karanta mishi ita.